Kafa injin ɗaga mota mai ginshiƙi biyu a garejin gida a Garwa: littafin aiki

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Kaya sun iso unguwar Yelwa a ɗaure cikin firam ɗin ƙarfe. Jirgin ƙasa ya kawo su daga Duwala zuwa Ngaundere, babbar mota ta ƙaraso da su Garwa. Injin ɗaga mota ne mai ginshiƙi biyu, wanda makanikai a nan ke kira pon, kuma yana ɗaukar tan 4. Irin mai faranti a ƙasa ne: tiyon mai da igiyoyin ƙarfe suna bi ta ƙasa tsakanin ginshiƙan, an rufe su da farantin ƙarfe da mota ke takawa idan za ta shiga. Tsawon kowane ginshiƙi mita 2.82, tsakanin ginshiƙan mita 2.8, faɗin injin gaba ɗaya mita 3.4.

Kafin a kwance komai an duba allon da ke jikin motar lantarkinsa: 2.2 kW, volt 220, layi ɗaya, 50 Hz. Wannan dubawar ba ta ɗaukar minti guda, amma tana raba mutum da asara. Injin da aka ƙera don wutar Amurka mai 60 Hz zai juya a kan wutarmu, sai dai a hankali, kuma yana saurin zafi. Wanda aka ƙera don layi uku mai volt 380 kuwa ba zai tashi da wutar gida ba sam.

An auna ɗakin. Faɗi mita 4.6, tsawo mita 7.5, sun wadatar. Rufin ne matsala, don daga daɓe zuwa katakon kwano mita 3.1 ne kawai. Injin yana kai tafukansa, wato ƙarshen hannayensa inda mota ke zama, mita 1.85 sama. Hilux ko Land Cruiser daga shasi zuwa rufinta ta haura mita ɗaya da rabi, ban da kariyar kaya da ake ɗora wa yawancin motocin daji. Jimla ta kusa mita 3.5. Irin wannan injin kuma ba shi da sandar sama da ke kashe wuta idan rufin mota ya taɓa ta, saboda haka babu abin da zai hana a matse mota da kwano sai idon mai danna maɓalli. An yanke shawarar ɗaga rufin zuwa mita 4.

Alhamis, 9 ga Janairu

Gwajin daɓe. An huda wuri huɗu da bakin injin huda mai milimita 10, biyu a inda kowane ginshiƙi zai tsaya, ana zura waya mai lanƙwasa a baki don jin inda siminti ya ƙare. Kauri ya fito santimita 6, 7, 6 da 8. Ƙarƙashinsa yashi ne sako-sako, babu rodi ko ɗaya. Garin da ya fito daga ramukan ja-ja ne, alamar yashi ya rinjayi siminti.

Takardar injin ta nemi kankare mai kaurin santimita 20 aƙalla, mai lambar ƙarfi C25. Daɓen nan bai kai rabin haka ba. Mutane da yawa suna ganin tunda daɓe yana ɗaukar mota a tsaye, zai ɗauki injin ɗaga ta. Ba haka abin yake ba. Mota a kan tayoyinta danna ƙasa kawai take yi. Idan tana kan hannayen injin kuwa, nauyinta yana rataye nesa da ginshiƙi, yana neman kifar da shi zuwa ciki, sai gefen farantin gindin da ke waje ya riƙa fizgar ƙusoshinsa sama. Kankare yana da ƙarfin jure danni, amma raunin sa yana wajen fizga. Abin da ke riƙe da motar da mutum ke ƙarƙashinta shi ne ƙusoshi goma da kankaren da ke damƙe da su. Za a fasa daɓen.

Talata, 14 ga Janairu

An yanke daɓen da injin yanka, mita 4 a faɗi, mita 2 a tsawo, aka haƙa santimita 40. Ba a yi rami biyu daban-daban ba, ɗaya don kowane ginshiƙi. Gindi guda da ya haɗa ginshiƙan biyu ya fi, domin idan ƙasa ta motsa tare za su motsa, ba ɗaya ya nutse ya bar ɗan'uwansa ba.

Ƙasar wurin yashi ce mai tauri, an yi sa'a. Masu wannan aiki a wajen Marwa, Kusuri ko Injamena, inda ake samun baƙar laka mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, irin wadda Fulani ke kira karal, su kwashe lakar sosai su cike da burji, su kuma ƙara kaurin gindin. Laka tana iya ɗaga kankare mai nauyin tan biyar ta karkatar da shi a damina ɗaya.

An zuba burji santimita 15 a zubi biyu, ana yayyafa ruwa ana daɓewa da madaɓin ƙarfe har dunduniyar takalmi ta daina barin sawu. An shimfiɗa leda mai kauri don kada busasshiyar ƙasa ta tsotse ruwan kankare. An kuma rarake ƙarƙashin bakin tsohon daɓen kamar santimita 10 kewaye, don sabon kankare ya shige ƙarƙashinsa ya riƙe.

Rodi mai milimita 12, raga biyu, tazarar santimita 20. Kowace raga ta ci sanda 7 masu mita 12, jimla 14. Ragar ƙasa tana zaune kan gutsattsarin kankare masu santimita 5, ta sama santimita 5 ƙasa da fuskar daɓe. Abin da aka fi mantawa shi ne inda ƙusoshi za su sauka. An yanka katako daidai girman farantin gindin ginshiƙi, aka huda ramukan nan biyar a jikinsa, aka ɗora a mazaunin kowane ginshiƙi, aka matsar da duk rodin da ya faɗo ƙarƙashin rami. Sanda uku aka matsar. Da ba a yi haka ba, ranar huda bakin injin zai ci karo da ƙarfe a santimita 5, kuma ba a iya gusar da ramin tunda farantin ne ke iyakance wurinsa.

Alhamis, 16 ga Janairu

Zubin kankare: mita 4 sau 2 sau santimita 25, wato kubik mita 2, da ɗan ƙari na abin da ya shiga ƙarƙashin tsohon daɓe. Awon kilo 350 na siminti a kowane kubik, buhu 7 ke nan. An yi amfani da buhu 15 na siminti mai lamba 42.5. Kowane buhu baro ɗaya na yashin kogin Binuwai, baro biyu na tsakuwar dutse fasasshe, ruwa lita 25. An tankaɗe yashin, an wanke tsakuwar saboda ƙura.

Rigimar kullum a wajen zubi ita ce ruwa. Leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin shebur, amma duk bokitin da aka ƙara yana rage ƙarfin kankaren, kuma ba a gane hakan sai ranar da aka ɗaure noti ƙusa ta biyo shi. An ajiye jarka mai lita 25 a gefen injin kwaɓa, jarka ɗaya buhu ɗaya, aka sa mutum guda a kanta. An fara ƙarfe shida na safe, aka gama kafin sha ɗaya, ba tare da tsayawa ba don kada a sami gaɓa tsakanin zubi da zubi. An yi amfani da injin girgiza don fitar da iska, musamman a mazaunin ginshiƙai. An daidaita fuskar da tiyo mai ruwa: bambancin mazaunin hagu da na dama milimita 3.

Alhamis, 23 ga Janairu

Kwana bakwai. An rufe kankaren da buhunan algarara tun yammacin ranar zubi, ana jiƙa su safe, rana da yamma. Iskar hunturu tana busar da fuskar kankare cikin sa'o'i kaɗan, kuma siminti ba bushewa yake so ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. Za a ci gaba da ban ruwa har kwana 14.

An fara cewa ai ya bushe, a kafa. A kwana bakwai kankare bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ba. Kwana 28 za a jira. A tsakanin nan magina su ɗaga bango, kafinta ya mayar da rufi.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Kwana 28 sun cika tun ranar 13. Rufi ya koma mita 4.05.

An ja layi da zare mai alli: layin tsakiyar ƙofa, da layin da ya gicciye shi inda ginshiƙai za su tsaya, mita 3.6 daga bangon gaba. An tabbatar da kusurwa da awon 3, 4, 5 (gefe ɗaya 3, ɗaya gefen 4, gicciyensu 5), sannan aka auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, duka biyun suka zo daidai. Ginshiƙi mai ɗauke da famfon mai ya tafi ɓangaren da mitar wuta take. Mutum biyar suka tayar da kowane ginshiƙi, da igiya ɗaure a katakon rufi don kada ya rinjaya. Ba a saki igiyar ba sai da ƙusoshi suka shiga.

Ƙusoshin kankare masu buɗewa ne, bulon mai kaurin milimita 19 da tsawon santimita 14, biyar a kowane ginshiƙi. Bakin huda dole ya zama milimita 19 cif, na kankare, sabo. Ana huda ta cikin ramin farantin, injin a miƙe, ba a jujjuya shi. Zurfi santimita 13. Bayan huda sai buroshi da iskar kwamfuresa, sau biyu ko uku, har gari ya daina fita. Garin da ya rage a rami yana zama kamar sabulu tsakanin ƙusa da kankare. Ana sa wosha da noti a kan ƙusar kafin a buga ta da guduma, don kada zaren ya lalace.

Ginshiƙin famfo aka fara kafawa. Na biyun ba a huda masa ba sai da aka shimfiɗa farantin ƙasa tsakaninsu aka ga ya zauna daidai.

Talata, 18 ga Fabrairu

Daidaita tsayuwa. An ɗora nivo, wato ma'aunin miƙewa mai ɗigon ruwa, a fuska biyu na kowane ginshiƙi, ana cusa siraran ƙarafan ciko masu siffar kofaton doki a gindin ƙusoshi. Hagu ya ci milimita 2 a gaba, dama ya ci milimita 4 ta ciki. Ciko yana zama kusa da ƙusa ne, ba a tsakiyar faranti ba, kuma idan ya nemi wuce santimita ɗaya to daɓen ne ba daidai ba, kuma ƙusar ba ta shiga kankare yadda ya kamata ba. An bar saman ginshiƙan ya buɗe da milimita 4 fiye da ƙasa, domin nauyin mota yana jawo su ciki.

Ɗauri da sifana mai awo, 150 Nm kamar yadda takardar wannan injin ta ce. Wasu injinan adadinsu ya bambanta, kowa ya bi tasa takardar. Ba a ɗaure waɗannan ƙusoshi da bindigar iska, tana farfasa kankaren da ke kewaye da bakin ƙusar a ciki inda ido ba ya gani.

Tara sun kama. Ta goma, ta baya a ginshiƙin dama, ta riƙa juyawa tana fitowa tun a 70 Nm. Ramin ne ya yi faɗi, don shi aka huda na ƙarshe, hannu ya gaji injin ya yi rawa. Kuma tana ɓangaren waje, inda fizga ta fi yawa, ba wadda za a kau da kai a kanta ba ce. An zaro ta ta hanyar tara wosha a ƙarƙashin noti ana ɗaurewa har ta fito. An faɗaɗa ramin da baki mai milimita 22 zuwa zurfin santimita 17, aka wanke shi da buroshi da iska, aka cika kashi biyu cikin uku da gam ɗin kafa ƙarfe a kankare mai haɗi biyu, aka murɗa sandar zare M20 mai lamba 8.8 a ciki. Da zafin Garwa gam ɗin yana fara kamawa cikin mintuna kaɗan, don haka komai ya kasance a hannu kafin a matsa shi. An bar shi ya kwana kafin ɗauri. Kaurin santimita 25 ne ya ba da damar wannan gyara.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Igiyoyin daidaito, tiyo da hannaye. Kowane ginshiƙi yana da keke a cikinsa, wato ƙarfen da hannaye ke maƙale da shi yana hawa yana sauka. Silinda ce ke tura sarƙa, sarƙa ta ja keken. Igiyoyin ƙarfe biyu ba su ke ɗaga mota ba, aikinsu su tilasta wa kekunan biyu tafiya tare. An ɗaga kowane keke da hannu zuwa mataki na uku na sakata, wato makullin da ke tare keke kada ya sauko, aka auna daga ƙasa: santimita 80 kowanne. Sai aka zura igiyoyin ta kan fuli na sama da na ƙasa, ta ƙarƙashin faranti, zuwa keken ɗaya ɓangaren. A lura kada su haye juna ko su goga da tiyon mai a cikin kwarin farantin. An ɗaure notocinsu kaɗan-kaɗan, nan juyi biyu can juyi biyu, har suka yi tauri iri ɗaya.

Mai: man haidirolik ISO VG 46, lita 10. Mai lamba 32 na ƙasashen sanyi ne, a nan yana tsinkewa da zafi. Baƙin man inji ya yi kauri, man birki kuma yana cinye robobin silinda, kada a kusanto da ko ɗaya. Ana cika tanki ne kekuna suna ƙasa. Wanda ya cika shi suna sama, ranar saukewa man da ke cikin silinda zai dawo ya yi ambaliya.

Hannaye huɗu sun shiga, da fil da makullinsa. Kowane hannu yana da haƙoran da ke kulle shi da zarar ya bar ƙasa. Na gaban dama bai kama ba, aka sassauta notocin haƙoran, aka matsar da su suka shiga juna, aka ɗaure.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Wuta. Daga mita zuwa gareji mita 35 ne, kuma wayar da ke wurin mai kaurin 1.5 mm² ce, ta fitila. Motar lantarkin tana jan kusan amfiya 15 da kaya, amma a daƙiƙar tashi tana iya jan ninki huɗu ko biyar, a ce 70. A waya mai 1.5, zuwa da dawowa mita 70, volt 12 ke ɓacewa tana aiki, volt 57 a tashi. Mai 4 tana zubar da 21 a tashi, mai 6 kuma 14. An ja mai 6, layinta ita kaɗai, da disjonkta, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa, mai amfiya 25 da na kare rai mai 30 mA. An kafa sandar ƙasa mai mita 2 a bayan bango inda ruwan wanki ke bi, domin busasshen yashi ba ya karɓar wuta, aka haɗa ta da jikin ginshiƙan biyu.

An sa wa makunnin akwati mai kwaɗo. Gida ne, akwai yara.

An ɗaga ba kaya sau biyar, har sama har ƙasa. Karon farko da na biyu kekuna sun yi ta tsalle-tsalle saboda iska a silinda, daga na huɗu suka lafa. An ƙara mai rabin lita. Sakatun suna ƙara ƙas, ƙas, amma na hagu yana riga na dama. An ƙara wa igiyar ɓangaren da ke makara juyi ɗaya da rabi, sai ƙarar ta zama guda. Kunne ya fi ma'auni saurin gane wannan.

Gwaji da kaya: ƙaramar Corolla tukuna, sannan Hilux. Ana ɗagawa har tayoyi su bar ƙasa da taƙi ɗaya, a tsaya, a girgiza motar da ƙarfi ta gaba da ta baya, a leƙa tafukan huɗu. Hilux ta kai sama cikin daƙiƙa 52. An sauke ta kan sakata aka bar ta minti talatin. Babu tsaga a kankare, saman ginshiƙan ya shigo da milimita 5. An sake bin ƙusoshi da sifana, uku sun karɓi kusan kwatan juyi.

Litinin, 3 ga Maris

Matsala ta farko. Da yamma, dab da shan ruwa, an danna maɓalli motar lantarkin ta yi gurnani ba ta juya ba, kwantakta, wato makunnin da ke sakar mata wuta, tana kaɗawa kamar haƙoran mai jin sanyi. Da safe lafiya lau take. An auna wuta a bakin mita: volt 218 da safe, 186 da magariba, lokacin da kowane gida ya kunna fanka da firji. Idan aka danna tana faɗuwa ƙasa da 170. An gwada kondensa biyu na motar lantarkin, mai taimaka mata tashi da mai taimaka mata aiki, duka lafiya. Ba a injin laifin yake ba.

Kada a ci gaba da danna maɓalli motar lantarki tana gurnani. Daƙiƙa kaɗan sun isa su ƙona kondensan tashi ko wayar cikin motar, kuma kaɗawar nan tana cinye bakin kwantakta. Ƙa'idar da aka kafa: an liƙa ma'aunin volt kusa da makunni, idan ya nuna ƙasa da 200 ba a ɗagawa. Saukewa ba ta cin wuta a wannan injin, amma sai an ɗan ɗaga kafin sakata ta saku, saboda haka motar da aka bari a sama da yamma tana iya kwana a can. An gwada janareta mai 3 kVA, ya shaƙe ya mutu nan take. Mai 7.5 kVA ya tayar da motar lantarkin ba wahala.

Laraba, 12 ga Maris

Mota tana zamewa ƙasa. Idan aka saki maɓalli tsakanin sakata biyu, tana sauka kusan santimita 2 a minti har ta zauna kan sakata. Ba wanda ke aiki ƙarƙashin mota tana kan mai, kullum a kan sakata ake zaunar da ita, amma zamewar alama ce da ba a bari.

An bi ta daki-daki. Babu ɗigon mai a tiyo, a mahaɗa, ko a ƙarƙashin faranti. An duba ƙaramin ramin numfashi na kowace silinda, a bushe suke, da robar fistin ce ta mutu da mai ya fito ta nan. Saura wuri biyu da mai zai iya komawa tanki: bawul ɗin saukewa da bawul mai hana mai komawa baya. An fara da dabara mai sauƙi, a danna maɓallin ɗagawa a riƙe hannun saukewa tare na daƙiƙa goma, mai ya wanke bawul ɗin. Ta ragu, ba ta daina ba. Sai aka sauke injin har ƙasa don matsi ya fita gaba ɗaya, aka kashe wuta, aka kwance bawul ɗin saukewa. Ƙwayar yashi ce da ɗan zaren tsumma a mazauninsa. An wanke da kananzir, aka busa iska, aka mayar. Zamewa ta tsaya.

Daga ina yashin? Mazurarin da aka zuba mai da shi ya yini a waje cikin ƙurar hunturu, aka goge shi da tsumma. An juye man duka, aka wanke tankin da matatar bakin famfo, aka zuba sabo ta mazurari mai raga. Lita 10 ta tafi a banza saboda ƙwayar yashi ɗaya. Yanzu mazurarin yana cikin leda a ɗaure.

Akwai bawul na uku a jikin famfon, mai iyakance matsi, an ɗaure shi daga masana'anta. Idan injin ya ƙi ɗaga wata mota, motar ce ta fi ƙarfinsa ko wuta ta yi ƙasa. Ba a taɓa wannan bawul.

Talata, 25 ga Maris

Abu mafi haɗari da aka gani zuwa yanzu. Wajen sauke Land Cruiser, sakatar dama ba ta saku ba, hagu ya fara sauka, motar ta karkata kamar faɗin tafin hannu kafin a saki hannun saukewa. Abin yi a nan ɗaya ne: a daina saukewa, a ɗaga har ta daidaita, a sake sakin sakatun biyu, a tabbatar da ido. Wanda ya ci gaba da saukewa yana ɗora nauyin rabin mota a kan igiyar da ba don haka aka yi ta ba.

Dalili biyu aka samu. Igiyoyin daidaito sun miƙe, kamar yadda sababbi ke yi a makonnin farko, har keken dama ya koma baya da milimita 12, don haka ɗan ɗagawar da ake yi kafin saki ba ta sauke nauyi daga sakatarsa ba. Sannan fil ɗin sakatar ya daskare da giris da ƙura. An daidaita igiyoyin, an wanke fil da sifirin da kananzir, an ɗiga musu mai marar kauri.

Giris ɗin cikin ginshiƙai ma ya koma kamar kwaɓin yashi, yana cin robobin da keke ke zamewa a kansu. An goge shi tas, aka shafa sabo siriri a kusurwoyi huɗu na ciki kawai. A ƙasar ƙura, giris kaɗan da ake sabuntawa duk mako biyu ya fi mai yawa da ake bari.

Game da zaunar da manyan motoci: tan 4 na injin yana nufin tan 1 a kowane hannu. Motar da aka bar buhuna a bayanta tana iya wuce ƙarfin hannayen baya alhali jimlarta ba ta kai tan 4 ba. A sauke kaya tukuna. Motoci masu shasi ana sa wa tafukan ƙarin tsawo na ƙarfe da suka zo da injin don su kai ga shasin ba tare da hannu ya taɓa matakalar gefe ba. Guntun katako ba ya maye gurbinsu, yana tsagewa. Kuma duk ranar da za a cire akwatin giya ko aksul ɗin baya, nauyi zai koma gefe guda, sai an tokare gaba da baya da dogayen jakuna.

Talata, 22 ga Afrilu

Zafi ya haura digiri 40 da rana, ƙarƙashin kwano ya fi haka. Bayan ɗagawa shida a jere motar lantarkin ta yi zafin da ba a iya dafa ta. Ba a ƙera ta don aiki ba tsayawa ba, ana ba ta minti goma tsakanin ɗagawa da ɗagawa. An busa ƙurar da ta toshe murfin fankarta, aka buɗe tagar iska a bangon da ke bayanta. Lokacin ɗaga Hilux ya koma daƙiƙa 56 da tsakar rana saboda mai ya tsinke, da safe yana nan 52.

An bi ƙusoshi goma, duka suna kan 150 Nm, har da mai gam. Wata siririyar tsaga ta fito a gaɓar sabon kankare da tsohon daɓe, santimita 60 daga ginshiƙin hagu. Ba ta nufi wajen ƙusoshi ba. An shafa mata ɗan farin siminti a wuri biyu an rubuta kwanan wata, idan ta motsa zai fashe ya nuna.

Aikin da ya rage kafin ruwan Mayu ya sauka: bakin ƙofar garejin ya fi tsakar gida ƙasa da santimita 4, kuma kwarin da ke ƙarƙashin farantin ƙasa shi ne wuri mafi zurfi a ɗakin, inda igiyoyi, fuli da tiyo suke kwance. Ruwa ya kwanta a nan, igiya za ta yi tsatsa daga ciki. Za a gina ɗan tudu mai santimita 6 a bakin ƙofa da gangara ta ɓangare biyu, a yanka lambatu a gabansa zuwa waje. An sayo buhu biyu na siminti, magini zai zo ranar Asabar.